Baban Bolan Tandabawi ya tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labari ya iske ni, kofin shayi na hannuna: Baba Sama'ila na unguwar Tandabawi a Makka ya rasu.

Na zauna na yi kuka mai isata. Amma Baba ba mutumin da za ka daɗe kana yi wa kuka ba ne, dole wani abu nasa ya faɗo maka ka yi dariya.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon direba ne, haifaffen Makka, jikan Zage-zagin da suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna. Ni kuma jikan Kanawa ne. Saboda haka tun ranar da muka haɗu a Mina muna aikin jagorar alhazai, bai taɓa kiran sunana ba. "Bakano, bawana," shi ke nan.

A shekarata ta farko rana ta kayar da ni tsakanin tantuna. Na farfaɗo na gan shi tsaye a kaina da lemarsa, shi yana cikin rana, yana cewa, "Kada ka mutu mini a nan, ina zan samo wani bawan?"

Aljihunsa ba ya rabuwa da dabino. Ko faɗa yake maka, sai ya miƙo.

Yadda ya fara tara kayan tarihi kuwa abin dariya ne. Wani iyali da yake yi wa tuƙi suka tafi da shi hutu wata ƙasar Turai, wani yanki a bakin teku inda gonakin inabi suka gangaro har gaɓar ruwa. Giya ce sana'ar mutanen wurin. Ya ce kowane ƙauye da ɗan gidan tarihinsa: tsohuwar gangar giya, matsewar inabi ta katako, ragar masunta, kwale-kwalen kakan wane. An share, an kunna fitila, wata tsohuwa na zaune a ƙofa tana jiran mai tambaya.

Kullum in zai ba da labarin sai ya fara da, "Astagfirullah, ni ban ɗanɗana ba. Inabin dai na ci har cikina ya ɓaci."

Sannan ya ce, "Bakano, mutane sun gina wa gangar giya ɗaki, mu kuwa tulun da kakanninmu suka yi dakon zamzam da shi muna jefarwa a shara. Kunya ta hana ni barci."

Da ya dawo sai ya share ɗakin saman gidansu. Duk gidan da tsoho ya rasu, in an gama zaman makoki, Baba zai je ya yi sallama ya ce a ba shi abin da za a zubar. Haka ya tara tulunan zamzam, ƙoren da aka ɗinke da zare, mazari, allo, akwatin ƙarfe da ya ratso Sudan, takalmin fata da tafiya ta cinye. Unguwa ta sa masa suna Baban Bola. Ya karɓa hannu bibbiyu, har in ya buga maka waya da shi yake gabatar da kansa.

Ba gilashi a gidan tarihin Baba. In ka shiga, zai ɗora maka abu a hannu, ya zuba maka shayi, ya gaya maka na waye da yadda ya iso. Ba ka fita sai ka maimaita masa.

Ni da kaina na kai masa sandar kakana.

Da ƙafafu suka gaza, ɗansa Faisal ya ce ya dawo wurinsa, shagga ce, wato sashen bene, mai ɗaki uku a unguwar Utaibiyya. Faisal yaron kirki ne, amma Hausarsa rabi Larabci ce, kayan nan kuma tarkace ne a idonsa. A gabana ya ce, "Ya abuya, ma fi wuri. Kullu a kai haraj." Wato babu wuri, a kai duka kasuwar gwanjo.

Baba bai yi musu ba. Ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya raba kayan. Na miƙa hannu zan ɗauki sandar kakana, ya buge hannun.

"Naka kana iya yar da shi ranar da matarka ta ce ya tare hanya. Na wani kuwa amana ne. Bahaushen Makka ba ya cin amana, da ita aka san mu."

Sandar ta tafi wani gida. Ni aka haɗa ni da dutsen niƙa.

Dutsen niƙa fa, jama'a! Ni da nake hawa na huɗu, ba lifta. Na ce Baba wannan ai mugunta ce. Ya ce, "Bawa da kaya aka san shi."

Na wata Inna Kulu ne, Bagobira, da ta samo shi a Sudan ta ƙi rabuwa da shi har bakin jirgin ruwa, ta zo ta yi shekaru tana niƙa wa alhazai gero a kansa. Yanzu yarana sun fi ni iya labarinta.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne. Ya rame, amma bakin nan na nan. Bai tambayi lafiyata ba, cewa ya yi, "Dutse na lafiya?"

Da zan tashi ya riƙe hannuna. "Ba mutuwa nake tsoro ba, Bakano. Na san halinku. Ranar da na tafi, kowa zai ce mai amana ya rasu, a mayar wa magada. Ku tara wa Faisal, shi kuma ya kira mota."

Na ce haba Baba, ba za a yi haka ba. Ya yi murmushi ya ba ni dabino.

To yau an yi masa salla a Harami bayan azahar, aka kai shi makwancinsa. Wannan kaɗai abin farin ciki ne, shi ya roƙa kuma ya samu.

Na dawo gida na tsaya ina kallon dutse. Zuciyata ta ce, yanzu fa wannan hakkin magada ne, in ka kwana da shi ka mutu, me za ka ce? Na kinkime shi na sauko, bayana na ƙara, na sa a but ɗin mota.

Da na isa Utaibiyya bayan la'asar, an jera kujerun makoki a layi, sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Wannan rungume da tulu, wancan da akwati a ka, wani da allo a hammata. Kowa ya zo sauke nauyi, kowa na kallon ɗan'uwansa yana jin kunya. Abin da Baba ya faɗa, shi muka yi, ko kwana ba a yi ba.

Faisal ya fito ya ga layinsu ya zama gidan tarihi. Ya dafe kai ya ce, "Ya jama'a, esh hada? Mene ne wannan?"

Na ce a raina shi ke nan, gobe haraj.

Sai Malam Abakar, mai sayar da turare da iyayensa suka zo daga Chadi, ya matso da wata ƙwarya da ɗinki ya kusa fin jikinta yawa. Ya ce shi ba zai miƙa ba sai ya yi yadda marigayi ya koya masa. Ya ɗora ta a hannun Faisal, ya ce ta kakar Baba ce. A cikinta ta riƙa jiƙa gari tana ba ɗanta a hanya, shekarar da mijinta ya rasu kafin su ga teku. Duk inda ta fashe sai ta ɗinke, domin ba ta da wata. Yaron da ya sha a ciki shi ne kakan Faisal.

Faisal bai taɓa jin wannan ba. Ya daɗe yana shafa ɗinkin da yatsa. Ya ce, "Wannan zan riƙe."

Malam Abakar ya ce, "A'a, ɗana. Babanka ya ce naka ba ya zama a wurinka."

Faisal magaji ne, in ya ce a'a ba mai ja da shi.

Ya mayar wa Malam Abakar ƙwaryar da hannu biyu. Ya goge ido, ya haɗa Hausarsa da ƙyar ya ce, "Tayyib. Kowa ya koma da nasa. Amma ni ma a ba ni amanar wani."

Wallahi a wurin makoki muke, amma sai da aka yi kabbara ana dariya ana hawaye.

Ya nuna dutsena. Ni da na shekara ina ƙorafi a kansa, sai na ji bakina na cewa, "Wannan kam da mai shi, nemi wani." Wani dattijo da ƙarfinsa ya ƙare ya ba shi tulun zamzam, ya zaunar da shi ya karanta masa labarin, Faisal ya maimaita.

Ko cokali bai tafi haraj ba. Na sake hawa da dutsena, ban taɓa jin daɗin ciwon baya irin na yau ba.

Ya Allah, bawanka Sama'ila ya riƙe amanar matattu da rayayyu. Ka jiƙansa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi daga Alkausara, Ka haɗa shi da mutanen da ya hana a manta da su. Ka ba Faisal da 'yan'uwansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi wa Baba addu'a kafin ya wuce.