Tiyon Mai a Bakin Baba

Jiya wata tsohuwar akori-kura ta mace a ƙofar gidanmu, warin fetur ya tuno mini da surukina.

Shekarar da gubar dalma ta shiga Dareta, shi ya ɗauko mu zuwa asibitin Anka, yarinyata tana sandarewa a cinyata. Motar ta yi tari ta tsaya, datti ya toshe tiyon mai. Kamar yadda ya saba, ya zuƙe shi da baki, ya tofar, ya sake zuƙa, idanunsa na hawaye.

Na ce, "Baba, zai ƙone maka ƙirji."

Ya ce, "Ke dai riƙe ta, ɗiyata."

Mun isa da ranta. Bana ta shiga aji huɗu, shi kuwa ko tafiyarta bai gani ba. Allah Ya shayar da shi ruwan Alkausara.