Shekarar da Alhaji Ya Tafi Umra da Harajinmu

A cikin mutanenmu na Greensboro, talauci ba abin kunya ba ne. A gan ka a layin kyauta, shi ne abin kunya. Shi ya sa duk farkon shekara, idan lokacin cika takardun haraji ya zo, sai mu ɗunguma zuwa McLeansville, garejin wani Alhaji da ya naɗa kansa masanin harajin Amurka. Shaidar karatunsa ita ce yana da firinta. Ya zaunar da kai tsakanin tsoffin tayoyi da injin yankan ciyawa, ya danna kwamfuta da yatsa ɗaya, ya yanki rabonsa, kai kuma ka yi godiya har da rusunawa.

Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a lokacin, maigidana kuma yana tuƙin motar raba kaya. Wata abokiyar aikina ta gaya mini akwai wurin da 'yan sa-kai ke cika wa masu ƙaramin ƙarfi takardun kyauta. Na yi kuskuren faɗin haka a gidan suna. Wata Hajiya ce ta amsa mini, babbar mace mai awarwaro har gwiwar hannu, wadda duk wanda ya tambaye ta ina take, sai ta ce Irving Park, unguwar masu manyan gidaje.

"Kyauta?" ta ce, tana ajiye cokali. "Haba ƙanwata. Mun tsallako teku don mu yi layin sadaka? Allah ya tsare mu."

Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin, don shinkafar tata ce muke ci.

A shekarar ne Allah ya kira Alhaji Umra, daidai lokacin da kowa ke nemansa. Bai sanar da kowa ba, ibada ai sirri ce. Sai hotonsa muka gani a waya, sanye da harami, yana yi mana addu'ar buɗi. Wa'adin gwamnati yana matsowa, ita kuwa ba ta karɓar addu'a a madadin takarda.

Ranar wata Asabar na hau bas zuwa tashar cikin gari, na ƙarasa da ƙafa zuwa wani zauren taro da ke ƙasan bene. Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Ina shiga na ga na ɓata wahalata. Rabin masallacinmu na wurin. Ga mutumin Nijar ɗin nan mai sayar da turare, da ya ce shi ya shigo ne kawai ya tambayi yadda ake biyan lanho, wato haraji a bakin mutanensu, wai na wani ɗan'uwansa. Ga ɗalibin digiri na uku da ya ce bincike yake yi. Kowa da ƙunshin takardu a hammata, kowa rakiya ya yi.

A kujerar ƙarshe akwai wata mace da takunkumi da baƙin tabarau, a ɗakin da ko taga babu. Ta ɓoye komai ban da awarwaro.

"Hajiya, ina kwana?"

"Ba ni ba ce," ta ce. Sai kuma ta sauke tabarau. "Zauna, ki daina ɗaga murya."

Da layi ya zo kanta, aka haɗa ta da wani dattijo Bature, mai ritaya, mai na'urar ji a kunne. Turancin Hajiya na gaisuwa ne da ciniki, shi kuma kunnensa sai a hankali. Suka yi ta "sori, sori" har ta waiwayo ta yafuto ni.

"Zo ki fassara. Abin da na faɗa kawai, ban da ƙari."

Dattijon ya tambayi inda take aiki. Ta ce Irving Park. Ya ce wane irin aiki. Ta dubi silin, ta ce tana kwana da wata tsohuwa, ta yi mata wanka, ta ba ta magani. Na juya masa da Turanci. Ya tambayi mutum nawa ne a gidanta. Ta ce jikokinta biyu, 'ya'yan 'yarta da ta rasu, suna hannunta tun suna rarrafe. Maigida fa? Ya koma ƙasarmu a duba masa jiki, shekaru ke nan, jikin bai gama dubuwa ba.

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na sha cin abincinta, na sha yi mata dariya a bayan ido. Na riƙa fassarawa ina kallon tebur.

Dattijon ya tambaya ko a baya ana sa yaran a takardunta. Ta ce Alhaji bai taɓa tambaya ba, shi tambayarsa ɗaya ce, ta kawo kuɗin aiki ko sai an jima. Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce akwai sauƙin da gwamnati ke yi wa mai riƙon yara, kuma za a iya komawa a gyara wasu na baya. Na faɗa mata. Sannan ta ce:

"Tambaye shi nawa ne rabonsa."

Ya ce babu.

"Ƙarya ne. Sake tambayarsa, wataƙila bai ji ba."

Ya ji. Babu ɗin ne.

A waje ta riƙe hannuna har awarwaro ya shiga namana. "Idan na ji maganar jikokin nan a bakin wata, ke ce." Na ce ban ji komai ba, ni ma rakiya na yi. Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi, ta ce iskar garin nan ba ta da kirki.

Alhaji ya dawo da dabino, ya tarar gareji ba kowa. Ya shiga gargaɗin jama'a cewa masu aikin kyautar nan gwamnati suke kai wa bayanan mutane. Har yau ban gano wa shi yake aika wa namu ba.

Abin da ya hana Hajiya sukuni shi ne a yi mata aiki ba ta biya ba. Asabar ta gaba ta tasa ni gaba, da kular farfesun kayan ciki, muka koma zauren. Dattijon ya ce ba sa karɓar komai. Ta ce in gaya masa wannan ba komai ba ne, farfesu ne. Ta tsaya a kansa har ya kai cokali baki. Fuskarsa ta yi ja, hawaye suka zubo, ya shiga laluben ruwa yana ɗaga mata babban yatsa.

"Kin gani?" ta ce mini a hankali. "Bawan Allah. Ba a taɓa kyautata masa haka ba."

Ta ƙara masa wani ludayin.