Zani Ɗaya na Mama Ebere

Duk mai sayen ganyen miya na ugu a kasuwar Sabon Gari ya san Mama Ebere, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Gajeriya ce, ga faɗa, ga taurin kan da har mijinta ya rasu bai samo maganinsa ba. Tana yarinya aka kawo ta Kano a jirgin ƙasa, nan ta yi aure, nan ta tsufa. Cocinmu ɗaya, ni ina cikin mawaƙa.

A cocinmu, ranar iyaye mata, 'yan zumuntar mata kan sa anko su tako rawa daga ƙofa har gaban bagade. Matar aure kuwa a al'adarmu ta Ibo zani biyu take ɗaurawa, ɗaya har ƙasa, ɗaya a kansa. Wadda ba ta da anko sai dai ta zauna ta yi kallo. Atamfar ankon kuma an daɗe da sayo ta, yanzu ko ƙyallenta babu a kasuwa.

Ana nan sai ga Rifkatu, wata baiwar Allah daga kudancin Borno, rikici ya cinye mijinta ya koro ta Kano. Ba ta jin Ibo, Turanci ma sama-sama. Kullum tana bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ran Asabar kuma ta zo ta share coci, ba wanda ya sa ta. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, mata na rawa tana kallo.

Rannan ta tsaya a rumfar Mama Ebere ta ce, "Mama, bana in aka sake bari na a zaune, na daina zuwa. Na gaji da zama baƙuwa a gidan Ubana."

Mama Ebere ta kai maganar taron zumunta. Shugabar mata, Madam Chinyere, ta ce, "Atamfa ta ƙare. Kuma ai akwai cocin masu jin Hausa, ta je can mana."

Tabɗi! Ni kaina sai da raina ya ɓaci. Mama Ebere ta miƙe ta ce, "Shugaba, da Yesu ya ciyar da taron jama'a, wa ya tambaya garinsu? Mu ma fa baƙi muka zo garin nan aka matsa mana wuri." Aka ce ta zauna, doka doka ce. Ta zauna tana ƙwafa.

Ran Lahadin iyaye mata, mata suka jeru a ƙofa, an sha ado, mun tada waƙa. Sai Mama Ebere ta fita daga layi, ta kamo hannun Rifkatu. A gaban kowa ta kwance zaninta na sama ta ɗaura mata, ta ja shi tamau.

Madam Chinyere ta riƙe baki. "Haba Mama Ebere! Da girmanki, da zani ɗaya kamar budurwa?"

Mama Ebere ta ce, "Doka ta ce anko. Ga anko a jikinta, ga anko a jikina. Matsa mu wuce."

Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai. Babu ko mace ɗaya da ta goya mata baya, kuma wallahi har yau abin yana yi mini ciwo. Haka ta taka har gaban bagade da gwiwarta mai ciwo, Rifkatu na gefenta tana rawa tana hawaye.

Tun daga ranar Mama Ebere ba ta karɓi zanin ba, ba ta kuma sake ɗaura biyu ba. Bara wata sabuwar zuwa ta tsokane ta, wai ina ɗaya zanin, ko ɓera ne ya ci?

Mama Ebere ta nuna tsakiyar coci da haɓa, inda Rifkatu take cikin mata, ta ce, "Ga shi can yana waƙa."