Zawarcin Harsashi a Gonar Tannie Driekie

A yankin Aranos, inda jan yashin Kalahari yake kwance tudu bayan tudu, babu wanda bai san Tannie Driekie Kotzé ba. A can Tannie kamar a ce Inna ne, Oom kuma Kawu. Gajera ce kakkaura, mai ƙaramar murya, amma idan ta kira tumaki daga bakin rijiya har na maƙwabta sai sun ɗago kai. 'Yar makiyayin tumaki ce, ta kuma auri makiyayin tumaki, Schalk. Tsawon zamansu, aikinta idan sanyi ya shigo guda ne: Schalk ya harbo naman dawa, ita kuma ta jira a rumfar bayan gida da wuƙa da gishiri da kayan yaji, ta yanka, ta rataye ya bushe ya zama biltong. Ba ta taɓa ɗora yatsa a kunamar bindiga ba. Ba tsoro ba ne, ba a dai taɓa miƙa mata ba.

Schalk mutum ne mai dogon buri. Tun yana saurayi ya sayi ƙatuwar bindiga mai cin harsashi .375, wai zai tafi arewa farautar ɓauna. Har ya tsufa bai je ba. Da ita yake harbin barewa, dabbar da ba ta fi tunkiya nauyi ba, shi ya sa Driekie take cewa rabin barewa yake kawo mata, sauran rabin yana can warwatse a daji diloli suna godiya.

Ranar da zuciyar Schalk ta tsaya, a bakin shingen tumaki aka same shi, da filaya a hannu. Driekie ta yi kukanta, ta ƙi komawa birni wurin 'yarta, ta riƙe gonar. Da sanyi ya shigo sai ta ga ma'aikata suna jiran namansu kamar kowace shekara, matan coci kuma suna jiran biltong ɗin da za a sayar ranar kasuwar coci. Ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ɗauko bindigar mijinta, ta hau a-kori-kura ta nufi tuddai.

Ta samu barewa tsaye tana kiwo. Ta jingina a jikin mota, ta manna ido a madubin bindigar sosai don ta ga da kyau, ta ja kunama. Abin da ta tuna bayan nan shi ne sararin sama. Tana kwance rigingine a yashi, kafaɗa kamar jaki ya yi mata shuri, jini yana zuba daga girarta inda madubin ya sare ta. Barewar ta yi 'yan tsalle-tsallenta ta ci gaba da kiwo can gaba kaɗan.

Ranar Lahadi ta shiga coci da ido ɗaya a kumbure, baƙi ƙirin. Kafin a gama waƙar farko labari ya kai bencin baya, inda Ockert Liebenberg da Bertus Steenkamp suke zama.

Waɗannan biyu tun suna makarantar kwana suke gardama. Ockert dogo ne siriri, tuzuru, mai gona a gabas da tata, kuma a wurinsa duk wanda ba ya harbi da siririn harsashi .270 bai san abin da yake yi a duniya ba. Bertus mahaucin gari ne, gajere, matarsa ta rasu da daɗewa ta bar shi da ɗa guda, ƙirjinsa kamar ganga, addininsa na biyu kuwa harsashi .30-06. Kowace Juma'a suna zaune a barandar kantin manoma da kofi, ɗaya yana cewa nasa harsashin ya fi tafiya miƙe, ɗayan yana cewa nasa ya fi isa da nauyi. Mutane sun daina saurare tun kafin a kawo wutar lantarki garin.

A bakin ƙofar coci Ockert ya tare ta, hula a hannu.

"Driekie, wannan idon laifin marigayi ne, Allah ya ji ƙansa. Wa yake ba mace igwa? Zan kawo miki tawa ki gwada. Ko ƙuda ya sauka a kafaɗarki sai ya fi ta duka."

"Haka nan dabbar ma take ji," in ji Bertus daga bayansa. "Kamar ƙuda ya sauka mata. Driekie, kada ki biye wa wannan sandar. Mariri ba barewa ba ne, fatarsa kamar tayar mota. Allurarsa za ta shiga, dabba ta tafi ta mutu a gonar wani."

"Wa ya taɓa tsintar dabbata a gonarsa?"

"Ni. Har na yi tsirenta."

Daga wannan makon gidan Driekie bai sake rabuwa da baƙi ba. Ockert ya zo ranar Talata da bindigarsa a nannaɗe cikin bargo, ya jera gwangwanaye a kan tudu, ya koya mata yadda ake dafe gindin bindiga a kafaɗa da nisan da ake bari tsakanin ido da madubi. Bertus ya zo ranar Alhamis da tasa, da tsiran nama cike da kwano, ya koya mata inda zuciyar mariri take, can ƙasa daidai ƙafar gaba, ba tsakiyar ciki ba inda baƙi suke harbi. Kowannensu ya iya koyarwa, gaskiya. Matsalar ita ce ba sa tafiya. Ockert ya fara zuwa da gashi a taje. Bertus ya sayi sabuwar riga wadda maɓallanta suke neman agaji.

Naman shekarar kuwa ya yi yawa har ya zama aiki. Ockert ya kawo barewa biyu, ya nuna mata ƙaramin ramin harsashi kamar mai nuna zobe. Washegari Bertus ya sauke kanki guda a ƙofar rumfa, ya ce taku ɗaya bai yi ba. Igiyoyin shanya suka cika, aka ƙara wasu a garejin mota.

'Yarta Elsabé ta bugo waya daga birnin Windhoek.

"Mama, kin san abin da ake faɗa a gari? Wai an kasu gida biyu. Matan ƙungiyar coci suna bayan Oom Ockert, mutanen kantin manoma suna bayan Oom Bertus. An ce duk harsashin da kika zaɓa, mai shi za ki aura."

"Ni bindiga nake nema, yarinya."

"To su ba bindiga suke sayarwa ba."

Driekie ta yi dariya har girarta ta motsa mata ciwo. Amma ta lura ba ta ji haushi ba. Gidan ya yi shiru da yawa tun rasuwar Schalk, kuma gardamar banza ma murya ce.

Don a gama magana, ta gayyace su farauta rana ɗaya, su biyun. Suka fita da hantsi, suka bar mota a gindin wata ƙaya, suka rarrafa zuwa kan tudu. Can ƙasa ga mariri namiji shi kaɗai, ƙahonninsa tsaye kamar masu. Driekie tana kwance a tsakiya, bindigar Ockert a dama, ta Bertus a hagu.

"Ɗauki tawa," Ockert ya raɗa mata. "Ki ɗora a kafaɗarsa kawai, ba sai kin ɗaga ba."

"Akwai iska," Bertus ya raɗa ta ɗaya kunnen. "Za ta kwashe wannan tsinken nasa. Ɗauki tawa."

"Iskar bakinka ce kawai a nan."

"Kai da ka harbi injin ban-ruwan Oom Gawie ka ce kanki ne?"

"Rana ce ta shiga idona, kuma na gyara masa."

Raɗa ta zama magana, magana ta zama ta barandar kanti. Maririn ya ɗago kai ya saurara na ɗan lokaci, kamar mai son jin yadda za ta ƙare, sannan ya kaɗa wutsiya ya haura tudu na gaba. Driekie ta miƙe, ta kakkaɓe yashi daga siket ɗinta, ta sauka wurin mota. Ta ajiye musu butar kofi da gorar ruwa a gindin ƙayar, ta tada mota ta tafi gida. Da la'asar suka iso a ƙafa, fuska ja, bindigogi a kafaɗa, kuma tun daga nesa tana jin Bertus yana cewa wani abu game da nauyin harsashi.

Mako na gaba ta ɗauki bindigar Schalk ta tafi garin Mariental ita kaɗai. Ta gaya wa mai kantin bindigogi abin da take so: wadda ba ta fi ƙarfin kafaɗarta ba, wadda za ta kada mariri ba tare da ta wargaza barewa ba, kuma wadda ake samun harsashinta a Aranos ko a ƙarshen wata. Ya jera mata guda uku. Ta ɗaga kowacce ta saita kalandar bango, ta zaɓi gajerar cikinsu, mai cin .308, don ita ce ta zauna mata daidai tsawon hannu. Ta bar masa ta Schalk. A mota ta ɗan zauna kafin ta tada, ta share ido, sannan ta wuce ofishin 'yan sanda neman lasisi.

Juma'ar da labarin ya isa barandar kanti, an ga abin da ba a taɓa gani ba: Ockert da Bertus a gefe ɗaya.

"Guntun harsashi," in ji Ockert.

"Ba kai ba gindi," in ji Bertus. "Na sojoji ne, ba na mafarauta ba."

Kafin lasisi ya fito sanyin shekarar ya wuce. Sai da wani sanyin ya zagayo ta fita ita kaɗai, ta yi rarrafenta ba mai raɗa mata komai, ta jira har mariri ya juya mata gefe. Harbi ɗaya. Ya yi ɗan gudu ya faɗi. Da ta tsaya a kansa sai ta ga ko ƙafarsa ɗaya da ƙyar take ɗagawa, ga ma'aikata duk sun tafi kai tumaki kasuwa. Ta kira Bertus, don shi yake da ƙugiyar jan kaya a motarsa.

Ya zo, ya durƙusa da nishi, ya sa yatsa a ramin harsashin, ya daɗe yana dubawa.

"To?" in ji ta.

"Ya dai mutu," in ji shi.

A rumfa suka yi aikin naman tare har yamma. A nan ta gano abin da shekara da shekaru ba ta sani ba: idan Bertus yana riƙe da wuƙa, ba ya magana. Yana yanka yana miƙo mata, tana barbaɗa gishiri, wani lokaci ya yi ɗan ƙunƙunin waƙar coci ba daidai ba. Ta ce ya dawo gobe a ƙarasa. Ya dawo goben, da jibin.

An ɗaura aurensu bayan sausayar tumaki. Ockert ne babban abokin ango. Ya yi fushi na wata guda, sannan ya ga idan ya ci gaba ba shi da wanda zai yi gardama da shi, sai ya huce. A wurin walima ya tashi ya ce ya yi wa amarya murna, ko da yake a zaɓenta biyu na baya-bayan nan duk ta ɗauki gajere mai kauri.

Yanzu Tannie Driekie ta haura saba'in. Idonta ya rage, don haka ba ta harbi sai dabba ta matso kusa, idan kuma ba ta matso ba, sai ta sha kofinta a kan tudu ta dawo. Bertus ya bar wa ɗansa mahauta ya koma gona. Gwiwa ta hana shi rarrafe, shi ya sa yake jira a mota da jarida, sai ya ji ƙara ya naɗe ta ya fara kwance igiya.