Darasin Baba Yohanna da Kyamara Ba Ta Kama Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kafa wa Baba Yohanna kyamara a gaba ba, kuma ba na jin zan manta. Tunda ku sababbin malamai kuna ɗokin a fara ɗaukar darussan lissafi ana sakawa a shafin makaranta, bari in ba ku labarin yadda na farkon ya kasance.

Bayan kullen korona ne. Makarantarmu ta Sabon Gari, kamar sauran makarantu masu zaman kansu, ta buɗe shafi a intanet, aka ce kowane sashe ya nemo abin da yara za su riƙa kallo a gida. Ni ce ƙaramar malama a sashen lissafi, kuma a Samaru nake zaune, unguwar jami'a, inda ake ganin kowa ya san kan waya, don haka aikin ya faɗo kaina. Na yi ta sauko da bidiyon aljabara ina tura wa 'yan aji huɗu. Akwai masu kyau ƙwarai a ciki, ba zan kushe su ba. Amma yaranmu 'ya'yan 'yan kasuwa ne da makanikan Chikaji, Hausar Sabon Gari da Turancin burokin suka tashi da su. Wata yarinya ta ce mini, "Anti Saratu, Baturen nan ta hanci yake magana. Kafin in gane layin farko ya goge allo."

A nan tunanin Baba Yohanna ya zo mini. Shi ne malami mafi daɗewa a sashenmu, mutumin wajen Zonkwa, gajere, kullum aljihun rigarsa fari fat da alli. Zangon karatu ɗaya ya rage masa ya ajiye aiki. Abin da nake so shi ne a kama yadda yake koyar da aljabara kafin ya tafi, domin ba a littafi yake ba, kuma babu wanda ya iya shi a cikinmu.

Ga yadda yake yi. Zai rubuta (a + b)² a allo, ya ce wa zai warware. Dole a sami wanda zai ce a² + b², domin kuskuren da kowane yaro ke yi ke nan. Sai ka ga fuskar Baba ta washe kamar an yi masa albishir. Zai rubuta amsar da manyan baƙi, ya ce, "Madalla da Chinedu, ya kawo mana cefanen yau." Daga nan ya sa a gwada da biyu da uku. Hagu ta ba da ashirin da biyar, dama ta ba da sha uku. Sai ya dafe kai ya ce, "An yi sata a ajin nan! Ina sha biyu ta shiga?" Aji ya kaure da musu, wannan da Hausa, wancan da Turanci. Ba ya ba su amsa. Fili yake zanawa ya yanka shi huɗu, ya jira har wani ya gano yankuna biyun da aka manta. Yaron da ya yi kuskuren shi ke fita da kai sama.

Da na kai masa maganar sai ya ce, "'Yata, ni ban iya koyar da bango ba. In za ki ɗauka, ki ɗauka da yarana." Na ce haka za a yi.

Ƙa'idar makaranta ita ce duk abin da zai hau shafi sai ya bi ta hannun shugaban sashe, sannan firinsifal ya sa hannu. Firinsifal ɗinmu a lokacin, Mista Eze, haifaffen Sabon Gari ne, mutumin kirki mai son makarantarsa. Ya yi murna, ya ma ce kada a yi da waya, a ɗauko mai kyamara na gaske. Na samo wani ɗalibin jami'a a Samaru, aka sa rana.

Kun san halinmu na malaman makaranta. Da an ce baƙo zai zo, ko sufeto ne ko mai hoto, jikinmu yake fara rawa. A share, a goge, a tura na gaba-gaba su tarbe shi, marasa ƙoƙari a yi musu dabara. Mun saba har ba ma jin muna yi. Ranar ɗaukar, da na iso da safe, sai na tarar an kwashe kujeru an kai ɗakin karatu, an ari labule daga ofis. An tsamo zakarun ɗalibai daga duk rukunonin 'yan aji huɗu, kaya a goge, kai a aske. Shugaban sashe ya tsare su jiya bayan tashi ya bi da su darasin kaf. An gargaɗe su: Turanci zalla, kuma kada wanda ya ɗaga hannu sai ya tabbata.

Na nufi ofishin firinsifal raina a ɓace. Na ce, "Yallaɓai, ba ajinsa ba ne wannan."

Ya ce, "Malama Saratu, duniya ce za ta kalla. Iyaye za su kalla. Kina so a ce yaranmu ba su iya komai ba? Kuma yarinyar da za a gani ta faɗi shirme, kin san abin da ƙawayenta za su yi mata a unguwa?"

Maganarsa ta biyu tana da ƙamshin gaskiya. Mai kyamara kuma ya riga ya kafa kayansa, janareto yana ci. Muka shiga.

Baba ya tsaya bakin ƙofa yana duban fuskokin. Ya tambaye ni a hankali, "Ina su Chinedu?" Na ce suna aji. Ya ɗauki alli ya rubuta tambayarsa, ya juyo. Hannuwa suka tashi reras. Yarinyar da ya nuna ta miƙe ta zubo masa amsa daidai, babu ko tuntuɓe. Ya ce da kyau. Ya ɗan jira, sannan ya ce, "Babu mai wani ra'ayi? Babu wanda yake ganin a² da b² kawai ne?" Tsit. Yara suka bi shi da ido, suna tsammanin tarko ne. Ya jefa musu wata zolaya da Hausa, suka saci kallon shugaban sashe, babu wanda ya yi dariya.

Ina tsaye bayan kyamara ina ganin yadda jikinsa ya yi sanyi. Mutumin da ke cika aji da murya ya koma kwafe ƙa'ida a allo yana karantawa, yana yi yana duba agogo. Ya zana filin nasa, amma babu abin da ya ɓata balle a nema. Kafin rabin lokacin ya gama. Aka tafa, Mista Eze ya riƙe hannunsa yana ta yabo.

Da aka gyara bidiyon na nuna masa a ɗakin malamai. Ya kalla har ƙarshe da tabarau a kan hanci, ya miƙo mini wayar ya ce, "Wannan malamin, da ni ne ɗalibinsa, barci zan yi." Muka yi dariya, amma ta ciki na ciki. Na ce za mu sake, da ajinsa na gaskiya, a ɗauko yaran ta baya yadda ba za a ga fuska ba. Firinsifal ma ya yarda, ya ce bari a gama jarabawa. Aka gama jarabawa aka shiga haɗa sakamako. Aka yi wa Baba walimar ban kwana, ya ce zai dawo a sabon zango musamman don wannan, tunda 'yarsa tana aure a nan Hanwa, kusa da mu.

A cikin hutun ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya rayu, amma harshe ya tafi.

Mu uku muka je gaishe shi a ƙauye. Muka same shi a kan kujera a inuwar mangwaro, ya gane mu sarai, ya riƙe hannuna da hagunsa. Babban ɗansa, cikin jin daɗi da alfahari, ya fito da waya ya ce duk wanda ya zo dubiya sai sun nuna masa Baba a intanet. Ya kunna, ya kawo kusa da fuskarsa ya ce, "Baba, ga ka nan kana koyarwa." Baba ya dubi wayar, ya dube ni, ya girgiza kai a hankali. Sannan ya sa hannu ya kife ta a cinyarsa. Ɗan ya ce ai kunya yake ji. Ni na san ba kunya ba ce. Kuka ya zo mini, na tashi na ce zan gaida matan gida.

Abin da na koya shi ne, mu malamai mun fi tsoron a ga yaro bai iya ba fiye da tsoron ya tafi bai iya ba. Ba mugunta ba ce, son a fita kunya ne, kuma shi ne ya ci mana abin da ba za mu sake samu ba. Intanet cike take da masu faɗin amsa daidai, sun ma fi mu iyawa. Abin da babu a can shi ne malamin da ya san yadda yaron Sabon Gari ke ɓata lissafi, ya kuma san hanyar dawo da shi ba tare da ya muzanta shi ba.

Saboda haka in za ku ɗauka, ku ɗauki ajin yadda Allah ya yi shi, da hayaniyarsa da shirmensa, ku nemi yardar iyaye, ku ɓoye fuskoki. Kada ku jira a gama jarabawa. Ni na yi ta ƙoƙarin kwaikwayon Baba a ajina, ina samun kaɗan, ina rasa da yawa. In kun tambaye ni yadda yake yi, sai dai in ba ku da baki, kuma kowace shekara ina jin wani abu yana zubewa daga cikin abin da nake tunawa.