Shaidar Manong Teryo Mai Aski

A garinmu, in ka zauna a kujerar Manong Teryo, to ka sallama rabin yininka. Askin na minti goma ne, sauran duk labari. Shagonsa yana bakin kasuwa, kusa da mai gasa kaza, kuma ya shekara talatin yana gaya mana ya taɓa yi wa gwamna aski. Matarsa, Nang Consoling, ta ce direban gwamnan ne. Manong da Nang, haka muke kiran manya a nan, namiji da mace.

Wuri ɗaya ne bakinsa ke mutuwa. Can kan tudu, bayan gonakin rake, akwai wani gida mai doguwar katanga inda iyaye ke kai yaran da suka fara shaye-shaye, wai a gyara su. Mai gidan yana kiran kansa likita. Duk farkon wata ana aiko mota ta ɗauki Manong Teryo ya aske wa yaran kai tas. A nan yake ganin kumburi a ƙeya, ƙunar sigari a bayan kunne, sawun sarƙa a ƙafa.

"Ka je ka gaya wa hukuma," in ji Nang Consoling.

"Ni mai aski, wa zai saurare ni?"

"Duk garin nan ka hana kowa sakat da surutu, yau ne ka rasa mai sauraro?"

Bai je ba, har shekara uku.

Sai Renante, ɗan Nang Ebeng mai busasshen kifi, ya fito daga gidan yana ɗingishi, yana ɗan shekara sha shida. Uwar, wadda da hannunta ta kai shi, ta shigar da ƙara a Bacolod, babban birnin lardinmu. Mai gidan ya ce yaron ɗan ƙwaya ne, ƙarya yake yi. Sauran iyaye kunya ta hana su fitowa, shari'a ta tsaya ba shaida.

Wata Asabar Renante ya shigo shagon ya zauna.

"Manong, a rage kaɗan kawai. Ban da aska."

Manong Teryo ya sa mataji, sai ga wani dogon tabo. Ya san shi, don ya taɓa kewaye shi da aska tun yana jini. Ya gama askin bai ce uffan ba, har masu jira suka zaci ba shi da lafiya. Ya kulle shago ya hau motar Bacolod don ya ba da shaida.

Lauyar Renante, wata matashiya mai suna Villaruz, ta sha wuya da shi.

"Manong, in an tambaye ka a kotu, e ko a'a kawai."

"To ai e ɗin ma tana da asali, 'yata. Kin ga, a shekarar da aka yi ambaliya..."

"Manong!"

Ranar zaman kotu ya sa rigar aurensa, wadda maɓallanta suka daɗe da daina haɗuwa. Ya lissafa yara sha tara da sunayensu, da inda tabon kowa yake, da watan da ya fara ganinsa. Lauyan mai gidan ya miƙe yana murmushi.

"Tsoho, kawuna nawa ka aske a rayuwarka? Za ka ce kana tuna kowanne?"

"Kawuna ne sana'ata, ranka ya daɗe. Gashinka ma rini ne, kuma wanda ya yi maka ya manta bayan kunnen hagu."

Lauyan ya kai hannu wurin kafin ya farga. Alƙali sai da ya sunkuyar da kai don ɓoye dariya.

Da aka tambaye shi abin da ya sa ya yi shiru shekara uku, amsarsa gajera ce. Ya ce tsoro ya ji, kuma da ya yi magana da wuri, da yaron nan yana tafiya daidai. Ya juya wajen Nang Ebeng ya nemi gafararta.

Sai da aka shekara huɗu ana ɗage zama. A ƙarshe aka rufe gidan, aka ɗaure mai shi, mai gadi ɗaya ya gudu har yau ba a gan shi ba. Renante yanzu yana gyaran babura.

Iyalai goma sha ɗaya sun shigar da tasu ƙarar daga baya, an kuma sake kiran Manong Teryo. A watan jiya ya hau mota zai je, da ƙunshin shinkafa da soyayyen kifi a cinya. Barci ya kwashe shi, ya wuce Bacolod da gari biyu, sai da Lauya Villaruz ta roƙi alƙali a jira shi zuwa bayan azahar.