Har Yanzu Yellow Ne

Chollom mutumin Barikin Ladi ne, amma shekara tara ke nan hankalinsa na Italiya, ƙasar da sau biyu kacal ya taɓa taka ta. Aikinsa a wata jami'a da ke Birmingham shi ne gadin wani ƙaton kwari da dutse mai aman wuta ya bari bayan ya rufta, ga dubban mutane zaune a ciki. Na'urorin da aka binne a can su ke aiko masa da rahoto. Ƙasa ta ɗaga da kaurin farce, ya sani. Ta yi 'yar girgizar da ko kyanwa ba ta ji ba, ya rubuta.

Matarsa Catherine nas ce a Manchester, tana zaune a unguwar Moss Side da 'yarsu Zoe. Ran Juma'a yake hawo jirgin ƙasa ya zo gida, wato in dutsen ya ba shi izini. Ko ya zo ɗin, har a coci idonsa na kan waya. Hira ɗaya ya iya, ita ce ta launukan gargaɗi: kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ruwan goro a fara shiri, ja kuma a kwashe mutane. Catherine ta sha wannan karatu har ta haddace.

Ranar da ya manta da zuwa baftismar Zoe, Catherine ta turo masa saƙo, kalma ɗaya: "Yellow."

Bawan Allah sai daɗi ya kama shi, wai matarsa ta fara sha'awar kimiyya, don lokacin dutsen na kan rawaya. Ya amsa: "Correct! Kin gane."

Bayan wata huɗu aka kwantar da Zoe a asibiti kwana uku, shi ko yana can yana ƙirga girgiza. Saƙo ya sake shigowa: "Orange."

"A'a dear, har yanzu yellow ne. Kar ki damu, muna monitoring."

Da "Red" ta iso har haushi ya ji. Ya rubuta mata cewa ta daina karanta shirmen Facebook, ya haɗa mata da taswira.

Sai bayan mako biyu ya samu zuwa. Ya buɗe ƙofa, ba labule, ba takalman Zoe a bakin matakala, firiji a kashe. Ya tsaya riƙe da jaka kamar baƙo. Maƙwabciyarsu Hajiya Mariatu, 'yar Kumasi, ta leƙo ta kan katanga.

"Baban Zoe, sai yau? Sun tashi tun last week."

"Haba Hajiya! Ba ko warning?"

Ta ƙare masa kallo sama da ƙasa. "Ta ce har sau uku ta ba ka. Kuma wai kai da bakinka ka koya mata, in an kai red ba a tsayawa gardama, evacuation ake yi, a kwashe mutane."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, dutsen ne ya motsa. Hannunsa ya kai rabin hanya, ya tsaya.